Mu da Motocinmu: Garin Neman Ƙyalli Kada a Rasa Fenti

A watan jiya mun yi alkawarin za mu ci gaba da bayani a kan batir, to amma sai a yi mana gafara, domin wani abu ya faru a gabanmu wanda muka ga bai kamata mu bar shi ya kwana ba, balle ga hunturu ya kunno kai, wato lokacin da fentin mota ya fi shan wahala a duk shekara.

Ran wata Asabar da hantsi muna zaune a bakin wani gareji a Aboabo, nan Kumasi, sai ga wani yaro ɗan unguwarmu ya tsaya da wata 'yar ƙaramar Vitz ja. Motar ba ta zama tasa ba tukuna. Irin cinikin nan ne da ake ba direba mota yana aiki yana biya mako-mako, in ya gama ta zama tasa, kuma saura masa wata huɗu. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce da mai garejin, "Masta, don Allah zo ka duba mini." Muka tashi muka bi su. A kan bonet, daidai layin da ƙarfen ya tanƙwara, ga wani tabo ruwan toka mai tsawon yatsa, a rufin motar kuma ga wani kamar faɗin tafin hannu. Ashe mai motar ne zai dawo daga tafiya, yaron ya so ya burge shi, ya kai ta wani wuri inda aka ce za a mayar masa da ita sabuwa fil cikin awa ɗaya, kuma da araha. Wanda ya yi aikin ya ɗaura soson ulu a kan giranda, wato injin gurza ƙarfe, ya shafa kamfawun, ya bi motar da shi da tsakar rana.

Masta ya shafa wurin da yatsa, ya girgiza kai, ya ce, "Yaro, wannan ya wuce goge. Sun cinye kiliya, sun cinye jan, faraima ke nan kake gani. Sai feshi." Da aka faɗa wa yaron kuɗin feshin bonet da rufi, sai ya nemi benci ya zauna.

Ba mu kawo wannan labari don a yi wa kowa dariya ba, mu ma mun taɓa faɗawa irin wannan rami da tsohuwar Opel ɗinmu shekarun baya. Mun kawo shi ne domin akwai abu guda wanda da yaron ya san shi, da mai girandar ya san shi, da ba a kai ga haka ba. Yawancinmu muna zaton folish wani abu ne da ake ƙara wa mota, kamar yadda ake shafa wa takalmi baƙi. A'a. Goge fenti rage fenti ne. Duk sa'ad da aka ɗora inji a jikin mota ta fito tana sheƙi, to an kankare wani abu daga jikinta, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ku dubi wuƙar mahauci: kullum ana wasa ta, kullum tana ƙara kaifi, kullum kuma tana ƙara sirancewa, har ran da za ta zama kamar tsinke a jefar. Haka fentin mota yake da goge.

To, nawa ne kaurin fentin da ake rage wa? Motar zamani in ta fito daga masana'anta, fentinta hawa huɗu ne. Na farko shi ne wanda ake tsoma gangar motar a ciki a manna shi da lantarki don ya tsare ƙarfe daga tsatsa. Na biyu faraima, mai daidaita wuri. Na uku launi, ja ko baƙi ko ruwan azurfa. Na huɗu, wanda ke sama, ruwan fenti ne marar launi kamar gilashi, shi ne masu feshi ke kira kiliya, kuma shi ne mai ƙyallin. Ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duka hawa huɗun in an haɗa, galibi tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150. Takardar rubutu ta ofis guda ɗaya kaurinta kimanin maikiron 100 ne. Ita kuwa kiliya kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba, wato rabin takardar nan ko ƙasa da haka. Wannan ɗan abu shi ne jarin duka.

Bugu da ƙari, a cikin kiliyar nan aka zuba sinadarin da ke tare irin hasken ranar da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata ya kuma kashe launi. Shi ya sa manyan masu ƙera motoci ke gargaɗin kada a rage ta fiye da kimanin maikiron 8 zuwa 12 a duk rayuwar motar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Goge ɗaya mai ƙarfi da inji yana iya cin maikiron da dama a zama ɗaya. Mai lissafi zai ga cewa rabon mota na irin wannan goge bai wuce abin da za a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ke kai motarsa a yi mata shi kowace salla, ya san inda ya nufa.

Mun san wasu dattawanmu da suka tuƙa Peugeot 404 da Datsun da Bedford za su ce, ai mu a zamaninmu kullum gogewa muke yi, ba mu ga wata ɓarna ba. Gaskiyarsu. Fentin wancan zamani launin da ƙyallin a haɗe suke, hawa ɗaya, ba kiliya a sama. In rana ta ci shi sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli, in an goge kuma sai tsumma ya ɗauki launin motar, sabon launi ya fito daga ƙasa. Daga shekarun 1980 ne masana'antu suka koma wa tsarin launi a ƙasa, kiliya a sama, saboda haka dabarar da ta yi wa 404 aiki tana iya kashe Corolla. Har yanzu dai akwai masu fentin hawa ɗaya a cikinmu, musamman trotro da tasin da aka sake wa feshi. In kana son sanin irin naka, ɗiga ɗan folish a farin ƙyalle, ka murza a wani ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa. In ƙyallen ya ɗauki launin motar, hawa ɗaya ne. In bai ɗauki kome ba sai dauɗa, akwai kiliya.

Shi ƙyalli kansa ba wani sirri ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugun shadda ya ga yadda yake samuwa: ana bugun yadin har sai fuskarsa ta kwanta sumul, sa'an nan haske in ya sauka a kai ya dawo ido gaba ɗaya. Fentin da ya dushe kuwa fuskarsa ta cika da ƙananan ƙarce-ƙarce dubbai, kowane yana watsa haske wani gefe. Aikin folish shi ne ya rage tudun har ya zo daidai da kwarin ƙarcen. Bambancin shi ne mai bugu dannewa yake yi, mai goge kuwa cirewa yake yi. Saboda haka maganin gaskiya shi ne a hana ƙarcen shiga tun farko.

Daga ina ƙarcen ke zuwa? Kada ranku ya ɓaci in mun ce yawancinsa daga hannunmu ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe, ta zo ta sauke mana a kan motoci. A ido kamar hoda take, amma a cikinta akwai ɓarɓashin dutsen yashi wanda taurinsa ya fi na gilashin taga, balle na fenti. Ga kuma jar ƙasar hanyoyinmu. To ku je kowace tasha da sassafe, daga Tamale har Nima, ku ga abin da muke yi: direba ya ciro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera, ya bi bonet da ƙofofi yana sharewa. A ganinsa tsafta yake yi, alhali kuwa samfefa yake bi da ita. In ka tsayar da motar a rana ka dubi inda hasken ya faɗa, za ka ga zane-zane zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumman nan ne.

Na biyu wanki da bokiti ɗaya da soso ɗaya, a wanke taya da shi, a tsoma, a dawo kan ƙofa da yashin da ya kwaso. Na uku garin sabulun wanki, wanda muke kira omo. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, don haka yana wanke duk wani kakin da aka shafa wa mota, ya bar ta tsirara a gaban rana, ya kuma busar da robobin gilashi. Na huɗu wanki a rana da ruwan rijiya ko na bohal: ruwan ya bushe, gishirin cikinsa ya zauna ɗigo-ɗigo, zafi ya gasa shi a jikin kiliya. Na biyar abin da ke faɗowa daga sama. Duk mai ajiye mota a wajen 37 a Ankara ko kusa da gidan namun daji na Kumasi ya san jemagu. Kashinsu da na tsuntsaye yana da tsami, in ya wuni a kan fenti mai zafi sai ya bar tambarinsa, ko an wanke ba ya fita. Haka ƙaron mangwaro da 'ya'yan darbejiya. 'Yan'uwanmu na Tema da Takoradi kuma suna da ƙarin iskar teku mai gishiri, wadda da zarar tsakuwa ta ɓalle fenti sai tsatsa ta kama wurin.

Yadda ya kamata a wanke kuwa ba shi da wuya, ba shi da tsada. A nemi inuwa, a taɓa jikin motar da bayan hannu, in da zafi a jira. A fara kwarara ruwa daga sama har ƙasa, ba tare da an taɓa ta ba, ƙurar ta sauka da kanta. A ajiye bokiti biyu, ɗaya mai sabulun mota, ɗaya mai ruwa zalla. Duk sa'ad da aka wanke ɓangare guda, a ɗauraye soson a ruwa zalla kafin a mayar da shi cikin sabulu. A fara daga rufi, a gangaro, ƙasan ƙofofi da bamba su zama na ƙarshe, taya kuwa da nata soson da nata bokitin. A tsane da tawul mai laushi na maikirofaiba, wanda yanzu ake samu a kasuwanninmu, kuma in ya faɗi ƙasa a ajiye shi sai an wanke. Ranar da ba ruwa, goge gilashi da fitilu da lambar mota da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka bar sauran da ƙurarsa. Ƙurar da ke kwance ba ta yi wa fenti kome, wadda aka murza ita ce mai ɓarna. Kashin jemage ko na tsuntsu kuma kada a kankare shi da farce. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai na 'yan mintoci, ya yi laushi, a ɗauke.

To, wanda motarsa ta riga ta dushe fa? Kafin ya biya kowa ko sisi, ya wanke ta, ya tsane ta, ya duba wanne ne ciwonta cikin uku, domin kowane da maganinsa.

Ciwo na farko dauɗa ce da ta manne. Sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji gurzi-gurzi kamar yashi, to kwalta ce da ƙaro da ƙurar birki suka kafe a sama, fentin na ƙasa lafiya lau. Wannan ba ya bukatar inji. Akwai wani abu kamar yumɓu mai danƙo, wanda aka fara yi a Japan, ana fesa ruwan sabulu a bi wurin da shi a hankali, sai ya tsince su. Ɗigon kwalta kuma ɗan kananzir a bakin ƙyalle yana narkar da shi, amma a kan ɗigon kaɗai, a kuma wanke wurin nan take. Fetur da tina kada su kusanci fenti. Motoci da yawa da muka gani, daga nan ƙyallinsu ya dawo, ba a rage musu ko maikiron ɗaya ba.

Ciwo na biyu ƙarce ne da dushewa. A nan farce shi ne alƙali. Ja farcenka a hankali ka tsallaka ƙarcen. In bai maƙale ba, ƙarcen a saman kiliya yake, goge zai fitar da shi. In ya maƙale, ya yi zurfin da in an ce sai an shafe shi, kiliyar ce za ta ƙare. Irin wannan a rage masa kaifi kawai a haƙura, ko a cike shi da ɗan fenti a bakin tsinke. In kuwa ana hango ruwan toka ko ƙarfe, a rufe shi da wuri kafin damina.

Ciwo na uku shi ne mutuwar kiliya. Za ka ga rufi ko bonet ko but ya yi fararen tabo kamar gajimare, daga baya ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji. Muna yawan ganin haka a motocin da ake saukewa a Tema bayan sun sha rana shekaru a wata ƙasa, su zo su ƙara da tamu. Wannan ba folish a duniya da ke gyara shi. Duk wanda ya ce zai goge maka shi, kuɗinka zai ci, ya kuma faɗaɗa ɓarnar. Maganinsa feshi.

Ga mai ciwo na biyu, ga ƙa'idar aiki. A fara da abu mafi laushi. Kamfawun mai gurzi ne, folish mai laushi ne, haka soson ulu ya fi na katifa ci. A zaɓi wuri ɗaya kamar kamu biyu kowane gefe, a gwada folish mai laushi da soso mai laushi. In ya biya bukata, shi ke nan, a bi sauran motar da shi. In bai biya ba, sa'an nan a ƙara mataki ɗaya. Kowane layi da kowane gefen ƙofa a rufe shi da salatif na masu feshi, domin a nan fenti ya fi siranta, a nan kuma inji ya fi dannawa, kamar yadda ya faru ga bonet ɗin yaron nan. Bamba ta roba ba ta sakin zafi kamar ƙarfe, a bi ta da sauƙi. Inji kada ya tsaya wuri ɗaya, soson ya kwanta daidai ba a karkace ba, kuma in wurin ya yi zafin da hannu ba zai zauna a kai ba, a dakata.

Batun inji shi ne inda araha ba ta ado. Injin goge na ainihi ana aiki da shi ne a juyi 1,000 zuwa 1,800 a minti ɗaya. Ƙaramar giranda kuwa tana juyi wajen 11,000, kuma yawancinsu ba su da abin rage gudu. An yi ta ne don yankan rodi. Ko a cikin injinan goge akwai iri biyu: mai juyi ɗaya, wanda ke da sauri amma yana ƙona fenti a hannun ɗan koyo, da mai juyi yana karkarwa, wanda ya fi jinkiri amma da wuya ya ƙona. Wanda ba shi da ko ɗaya, hannu ma yana yi, sai dai a ba shi wuni guda. Samfefar ruwa kuma, lamba 1500 da 2000 da 3000, aikin masu feshi ce, suna kwantar da sabon fentin da ya fito kamar ɓawon lemo, domin su sun san kaurin da suka zuba. Fentin masana'anta ba shi da rarar da za a yi masa haka. In an gama goge, a share wurin da barasar asibiti da aka surka da ruwa, a haska tocila. Maiƙon folish yana cike ƙarce ya ɓoye shi, sai an share shi ake ganin aikin gaskiya.

Bayan goge sai kariya, kuma wannan ne kaɗai matakin da ake ƙara wa mota wani abu. Kakin mota na gargajiya ana samun sa ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil, sunanta karnuba. Ƙyallinsa da kyau, amma a irin ranarmu makonni yake yi, in ya daɗe wata biyu ko uku. Akwai na haɗin sinadari wanda ke kai wajen wata shida. Akwai kuma na yayi, wanda ake kira siramik, mai kaurin maikiron ɗaya ko biyu, wanda in an shirya fentin sosai yana iya shekara biyu ko fiye. Yana sa ruwa da dauɗa su zame, wanki ya yi sauƙi, amma kada a ruɗe ku: ba ya tare tsakuwa, ba ya tare makulli ko hannun babur a cunkoson Kejetia, kuma duk ƙarcen da aka shafa shi a kai ya zauna ke nan a ƙarƙashinsa. Kowanne ka zaɓa, shafa shi siriri, a inuwa. In ka watsa ruwa ka ga ya daina dunƙulewa ɗigo-ɗigo, lokacin sabuntawa ya yi. Motar da aka yi wa sabon feshi kuwa a bar ta wata ɗaya zuwa uku ba kaki, fentin ya gama fitar da tururinsa. In kuma za ka kai feshi, gaya wa mai aikin abin da ka saba shafawa, domin mai silikon yana sa sabon fenti ya yi ramuka kamar idon kifi.

Sai mu ja kunnen masu saye. Akwai masu shafa wa mota baƙin mai ko gas ko wani folish mai cike ƙarce ran da mai saye zai zo, ta yi ta walƙiya, bayan wanki biyu ta koma yadda take. Akwai ma masu shafa man birki a taya da robobi don su yi baƙi, alhali man birki in ya ɗiga a fenti cinye shi yake yi. Kada ka duba mota da magariba, ko a jiƙe, ko a ƙarƙashin fitila. Ka ce a wanke ta a gabanka, ta bushe, ka zagaya ta a hasken safe. Dubi robobin gilashi da bakin ƙofa ko akwai burbushin feshi. Naɗe ɗan mayen ƙarfe a ƙyalle ka bi jikinta. Inda ya ƙi kamawa sosai a kan ƙarfe, akwai fila a ƙasa, sai dai ka tuna roba da alminiyom dama ba ya kama su. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti mai shiga aljihu. In ko'ina tana nuna ɗari da wani abu, ƙofa ɗaya ta nuna 400, an sake mata feshi. Mota mai sabon feshi ba laifi ba ce, ɓoyewar ce laifi. Dillalanmu na zango an san su da amana tun zamanin fataucin goro da shanu, kada kwalbar folish ta zubar mana da ita.

Kalmarmu ta ƙarshe ga samarinmu ce, waɗanda suka cika wuraren wankin mota a Nima da Madina da Asawase da Tamale. Tun da Uber ta fara aiki a Ankara a 2016, wasu irinta suka biyo baya, fasinja yana ba direba maki har a kan tsaftar mota, ga kuma masu manyan motoci da ke neman wanda za su amince wa. Kasuwa tana nan, gwanaye ne suka yi kaɗan. Wanda yake son ya wuce ɗaukar bokiti, ya je Magazin na Suwame ko Abossey Okai ya sayi tsohon bonet na bola, ya koyi inji a kansa, ya ƙona shi da gangan don ya san inda iyakar take, kafin ya taɓa motar mutane. Ya kuma koyi cewa, "Alhaji, wannan goge ba zai yi ba, sai feshi," ko da kuɗin ranar zai wuce shi. Alhajin zai dawo, zai kuma turo wasu. Sa'an nan ku kula da lafiyarku. Ƙurar kamfawun ba ta huhu ba ce, wayar inji kuma ba ta shiri da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Masu feshi kuwa su sani sinadarin da ake zuba wa fenti don ya yi tauri yana jawo ciwon asma. Hankici a hanci ba ya tare shi, madarar da ake sha bayan aiki ma ba ta wanke shi, sai takunkumi na ainihi da wuri mai iska.

Shi kuwa yaron namu, Masta ya ba shi shawara kada ya ɓoye. Da mai motar ya dawo, ya je ya same shi a gida ya ce, "Alhaji, na yi kuskure, ga abin da ya faru." Alhaji ya fito ya duba, ya yi faɗan da zai yi, daga baya ya ce a yi feshin su raba kuɗin biyu, a ƙara wa yaron mako biyu a kan wa'adinsa. Shekaranjiya mun gan shi a bakin famfo da bokiti biyu.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan batir kamar yadda muka alkawarta, mu kuma amsa wasiƙar wani ɗan'uwa daga Techiman da ya yi tambaya a kan fitilun gaba da ke komawa ruwan ɗorawa. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta ofishin wannan jarida. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.